Cin Abinci Tare da Mickey a Disneyland Paris: Shirin da Ake Yi Tun Daga Gida

Duk lokacin da hutun makaranta ya gabato, ƴan uwanmu mazauna Faransa, da waɗanda Allah ya hore wa halin kai musu ziyara daga Yamai, Garwa ko Njamena, sukan sha roƙo guda daga bakin yara: a kai su Disneyland. Gaskiya ne tun daga 2023 tafiya daga Nijar zuwa Faransa ta ƙara wuya, amma waɗanda ke can suna nan da iyalansu, kuma yaron da ya tashi yana kallon Mickey a talabijin ba ruwansa da zancen biza. Idan yaran sun ɗan waye, roƙon yakan zo da ƙari: su ci abinci tare da Mickey, ko tare da gimbiyoyin tatsuniya. Wannan ƙarin ne muke son mu tattauna, domin a nan ne kuɗi masu yawa kan fita, a nan ne kuma maganar halas da haram kan riski iyaye ba shiri.

Filin wasan yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris. An buɗe shi ran 12 ga Afrilu 1992 da sunan Euro Disney, aka sauya masa suna a 1994, sa'an nan aka ƙara fili na biyu a gefensa a 2002. Jirgin ƙasa na RER A yana kai mutum har bakin ƙofa, tashar Marne-la-Vallée Chessy, cikin minti 40 ko kusa da haka daga tsakiyar birni.

Abin da ake kira cin abinci tare da taurarin Disney shi ne iyali su zauna a teburinsu, ma'aikatan da suka yi shigar Mickey, Minnie, Goofy da sauransu su riƙa zagayawa tebur tebur, suna gaisawa da yara, ana ɗaukar hoto, suna sa hannu a ɗan littafi. Gidan abinci na Plaza Gardens, a ƙarshen babban titin nan Main Street, yana yin haka bisa tsarin ɗebi da kanka. Auberge de Cendrillon kuwa, a sashen Fantasyland, na gimbiyoyi ne, kuma can kawo maka abincin ake yi kashi kashi irin na Faransawa. (Ita Cendrillon ɗin ma ƴar gida ce: Charles Perrault ya rubuta labarinta da Faransanci a 1697, kamfanin Disney ya yi fim ɗinsa a 1950.) A babban otel ɗin da ke bisa ƙofar shiga, wanda aka sake buɗewa a Janairu 2024 bayan gyara, akwai Royal Banquet da La Table de Lumière. Wanda ya taɓa zuwa da daɗewa kada ya nemi Café Mickey. An rufe shi, wani gidan abinci mai suna Rosalie ya maye gurbinsa a 2023.

Me ake saya da kuɗin?

Ya kamata maigida ya gane tun farko cewa rabin abin da zai biya ladan ganawa ne. A cikin filin ana iya ganin Mickey ba tare da ƙarin ko tamma ba, a ɗakin da aka keɓe masa a Fantasyland, haka ma gimbiyoyi a nasu ɗakin, sai dai a ranakun cunkoso layin yakan haura sa'a guda, kuma wanda ya taɓa tsayuwa da yaro ɗan shekara 4 a layi ya san abin da sa'a guda ke nufi. Mai cin abinci tare da su yana zaune ne su same shi. Wannan sauƙin ake sayarwa, abincin ya biyo baya.

Farashi ƙayyadajje ne bisa kowane kai, kuma bai haɗa da tikitin shiga filin ba. Yaro daga shekara 3 zuwa 11 yana da nasa farashi mai rangwame. Wanda ya cika 12 babba ne a lissafinsu, ko da a gida har yanzu shi ake aike sayen gishiri. Tun da kuɗin sefa a ɗaure yake da Yuro, Yuro 1 a kan sefa 656 ba kaɗan, lissafin ba shi da wuya: duk Yuro 10 jika 6 da rabi ne da ƴan kai, Yuro 50 kuwa kusan jika 33. Sai maigida ya duba farashin ranar a manhajar kamfanin, ya ninka da yawan iyalinsa. Gidan Bahaushe ba gidan mutum uku ba ne, kuma abin da Bafaranshe mai ɗa guda zai ɗauka da sauƙi, mai ƴaƴa biyar da ƙanwar uwargida sai ya nisa. Mai azumi ma ya sani kujera ake biya wa kuɗi, ya ci ko bai ci ba.

Wurin yakan cika da wuri. Ana buɗe kama tebur wata 2 kafin ranar, waɗanda suka kama ɗaki a otel ɗin Disney kuwa ana ba su dama tun da sauran wata 12. Saboda haka wanda ya nufi Yuli ko Agusta, ko hutun Toussaint na ƙarshen Oktoba, ko na ƙarshen shekara, ya nemi tebur ranar da aka buɗe. Kada kuma a yi wa yaro alkawarin wani tauraro da sunansa, domin kamfanin kansa ba ya lamunce wanda zai fito a rana kaza.

Abin da ke cikin kwano

A shekarar farko ba a sayar da giya a cikin filin, bisa al'adar Disneyland na Kalifoniya. Baƙin Turai suka yi ta ƙorafi, sai a 1993 aka fara kawo ta a gidajen abincin da ake zama. Don haka iyali za su ga kwalabe a teburorin maƙwabta, kuma mai hidima zai iya miƙo takardar giya bisa sabo. A mayar masa da ita cikin ladabi, a nemi une carafe d'eau, wato tulun ruwan famfo, wanda kyauta ne a gidajen abincin Faransa. Wannan mai sauƙi ne, domin ido yana ganinsa.

Abin da ido ba ya gani shi ne mai wuya. Girkin Faransawa yana yawan shigar da giya cikin miya da romon nama, kuma dafuwa ba ta kore ta duka kamar yadda wasu suke zato. Naman alade yakan zo da sunaye da yawa waɗanda ba su ambaci porc ba: jambon, lardons, bacon, chorizo, saucisse, saindoux. Lardons musamman ƙanana ne, sukan ɓuya cikin dankali, ƙwai ko ganye. A teburin kayan zaƙi, inda yara suka fi rugawa, akwai gélatine, sinadarin da ke sa abu ya daskare, wanda a Turai galibi daga fatar alade ake samunsa. Yana cikin alewar roba, guimauve, da nau'o'in mousse da bavarois da yawa. Baba au rhum dai sunansa ya tona shi, amma tiramisu ba ya faɗin abin da ke cikinsa.

A nan akwai kuskuren da muke son mu ja hankali a kai. Tun daga Disamba 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da kan tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, alkama da riɗi. Wasu iyaye sukan karɓi wannan takarda su natsu, suna ganin ta ƙunshi duk abin da ake gudu. Alade ba ya cikin 14 ɗin nan, giya ma ba a lissafa ta da sunanta. Takardar tana da amfani ƙwarai ga uwar da ɗanta ba ya shiri da gyaɗa, amma ba ta amsa tambayar halas. Wannan tambaya da baki ake yin ta, ga mai hidima, in ya yi shakka a roƙe shi ya tambayo masu girki. Kalmomi uku sun isa: porc, alcool, gélatine. Ba abin kunya ba ne, masu hidima a yankin Paris sun saba jin ta kullum.

Game da naman sa, rago da kaza da ba Musulmi ne ya yanka ba, malamai sun yi saɓani a kan yankan da ake yi a mayankan Turai na yau, kuma ba wannan shafi ne zai raba gardamar ba. Roƙonmu kawai maigida da uwargida su tsayar da matsayarsu tun a gida, su sanar da yara da harshen da za su gane, domin babu abin da ya fi muni kamar uba ya ce a ci, uwa ta ce a ajiye, yaro yana riƙe da cinyar kaza, Minnie tana tsaye a kansa. Kada kuma ado ya ruɗi kowa. Agrabah Café da ke Adventureland an ƙawata shi kamar kasuwar Larabawa, abincinsa ma irin na Gabas ne mai yawan ganye da hatsi, wanda ke sauƙaƙa wa Musulmi zaɓi, amma fitilun tagulla ba shaidar yanka ba ne. Can ma a tambaya. Taurari kuma ba sa zuwa can.

Idan aka auna duk wannan, mu a ganinmu kalacin safe a Plaza Gardens ya fi dacewa da gidan Musulmi. Burodi, croissant, ƙwai, madara, ƴaƴan itatuwa da shayi sun ishi kowa ya ƙoshi, abin gudu kuwa, wato bacon da saucisse, a fili yake a tirensa, sai dai a kula da cokalin da wani ya ɗebi wannan ya mayar cikin wancan. Farashin safe yakan gaza na dare, yara suna da kuzari, kuma ba a ci lokacin salla ba. Zaman farko yakan faɗo kafin a buɗe ƙofa ga kowa da kowa, don haka a tabbata tikitin da ke hannu ya ba da damar shiga a wannan sa'a. Auberge de Cendrillon ya fi tsada, zaɓinsa kaɗan ne, kuma girkinsa ne ya fi buƙatar tambaya. Wanda ƴarsa ta kafe sai gimbiya, ya dubi jerin abincin tun kafin ya kama wuri, ya karkata ga kifi ko ganye.

Yaron da dodo

Mickey na talabijin bai fi tafin hannu ba. Wanda zai tsaya a bakin tebur kuwa ya fi yaron tsawo nesa, da ƙaton kai da idanun da ba sa ƙiftawa, kuma ba ya magana, sai nuni da hannu. Ga ɗan shekara 2 wannan dodo ne sak, kuma ba baƙon abu ba ne a ga an biya kuɗi masu yawa yaro ya ƙare a ƙarƙashin tebur yana tsala ihu. Dabarar ita ce a gwada shi tukuna: a bar shi ya kalli jerin gwanon da ake yi a Main Street daga nesa, ko a nuna masa hoton wani yaro tare da su. A tebur kuma a zaunar da mai tsoro can ciki kusa da bango, marar tsoro a bakin hanya. Gimbiyoyi ba su da wannan matsala, fuskarsu a buɗe take kuma suna hira da Faransanci ko Ingilishi. Tsakanin shekara 4 zuwa 9 ne muke ganin yaro ya fi morar abin; wanda ya haura haka hankalinsa na kan lilo mai gudu.

Idan yaro ya tambaya ko Mickey na gaske ne, ba mu ga dalilin yi masa ƙarya ba. Yaran da suka san tashe sun san mutum yakan yi shigar wani abu don a yi dariya, kuma sanin cewa Audu ne a cikin kayan bai taɓa rage daɗin wasan ba. Haka kalmar magie da za su gani a kowane bango. A gaya musu tallar kamfani ce, aikin injuna ne da fitilu da ma'aikata dubbai. Batun runguma ma a faɗe shi tun a jirgi. Taurarin sukan buɗe hannu ga kowa, amma babba ko budurwa da ba su so, ɗaga hannu da murmushi ya wadatar, ba mai tilasta musu.

Kowane tauraro sau guda yakan biyo ta tebur, ya yi ƴan mintoci ya wuce. Saboda haka kada iyali su watse gaba ɗaya zuwa wajen ɗibar abinci. Babba ɗaya ya zauna yana lura da inda zagayen ya kai, waya a shirye, littafin sa hannu a buɗe. A tafi da alƙalami mai kauri, domin safar hannun Mickey mai yatsu huɗu ba ta riƙe siriri.

Saura lokacin salla, wanda a Paris yake yawo fiye da yadda muka saba a Sahel. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi, har azahar, la'asar da magariba su taru cikin ƴan sa'o'i. Tebur na ƙarfe 12 da rabi a lokacin sanyi, idan aka haɗa da jira da zagayen taurari, zai iya cinye mafi yawan lokacin azahar. A duba jadawalin ranar kafin a zaɓi sa'a, a sa ƙaramar darduma a jaka, a tambayi ofishin baƙi na City Hall da ke dandalin shiga inda za a sami wuri mai natsuwa.

Sauran abincin yini kuwa, ana barin mutum ya shiga da ɗan abin taɓawa da gorar ruwa ta roba, amma ba a yarda da kwalba ko babban akwatin sanyi ba. Iyalin da uwargida ta dafo musu shinkafa da kaza daga gida suna da filin da aka tanada don haka a waje, tsakanin wurin ajiye motoci da ƙofar shiga, kuma tikitin ranar yana ba su damar komawa ciki idan sun gama.