Gwajin Fasta A Bakin Titi Kafin A Kai Wa Maɗaba'a

GOMBE. Bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin kiwon lafiya sun daɗe suna dogara ga fastoci wajen wayar da kan jama'a. A 'yan shekarun nan kuwa an samu sabon salo, watau fastar da ke neman mai wucewa ya aikata wani abu: ya haska wani tambari da wayarsa, ko ya danna wata lamba, ko ya yagi 'yar takarda ya tafi da ita. Irin wannan fasta ta fi cin kuɗi wajen tsarawa, kuma in ba ta karɓu ba asarar ta fi yawa. Saboda haka ne ake gwada ta a ainihin wurin da za a manna ta kafin a ba maɗaba'a aikin dubbai.

Tambarin da aka fi amfani da shi shi ne murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, wanda kamfanin Denso Wave na ƙasar Japan ya ƙirƙiro a 1994 domin bin diddigin kayan gyaran mota. Galibin 'yan kasuwar Nijeriya sun riƙe shi a hannu ba tare da sun lura ba, domin yana bayan takardar Naira 100 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a Disamba 2014, don tunawa da cika shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu. Takardar nan ita ce kuma aka cire wa rubutun ajami, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Arewa. An ƙara abin da sai mai babbar waya ke iya karantawa, an kuma ɗauke abin da almajirin allo ke karantawa da idonsa. Mai shirin buga fasta a Gombe yana da abin lura a nan.

Batun ya girmi wayar salula. Andreas Fuglesang, ɗan ƙasar Norway da ya yi aiki a Zambiya, ya nuna a littafinsa na 1973 cewa mutanen karkara sun fi saurin gane hoton da aka share abin da ke bayansa fiye da zanen hannu. Wani bincike da UNICEF ta shiga a Nepal a 1976 ya gano cewa alamomi irin su kibiya da gicciyen hani, waɗanda ɗan boko ke ɗauka kowa ya san su, sau da yawa ba sa isar da ma'anar da aka nufa ga wanda bai saba da littafi ba.

Unguwa kamar Arawa ta dace da irin wannan gwaji, domin ana samun ma'aikacin gwamnati da ɗalibi da ɗan acaba da mai shago a layi guda, ga kuma masu jin Fulatanci da Hausa da Turanci. Abin da ake yi shi ne a buga samfuri biyu ko uku, kaɗan-kaɗan, waɗanda suka bambanta a abu ɗaya tak, alal misali harshe ko hoto. In aka canja abu uku a lokaci guda, ba za a san wanda ya yi tasiri ba. Sa'an nan a manna su a wurin da mutane ke dakatawa, kamar rumfar mai POS, ko teburin mai shayi, ko inda Keke Napep ke sauke fasinja, a riƙa sauya musu wuri kowace rana.

Wani ya tsaya daga nesa yana ƙirga masu wucewa, da waɗanda suka duba, da waɗanda suka fito da waya. A ba kowane samfuri tambarinsa ko lambarsa daban, ta yadda alƙaluma za su nuna wanda aka fi amsawa. Tambayar da ta fi amfani ita ce "me ka gani a nan?" ko "me suke so ka yi?" Tambayar "ta yi kyau?" ba ta da riba, domin kunya da kara ba za su bar mutum ya kushe aikin baƙo a gabansa ba. Ya kamata kuma a sa mace ta shiga gidaje da samfurin, tunda ƙidayar bakin titi maza ta fi kamawa.

Akwai ƙananan abubuwa da sai a fili suke bayyana. Takarda mai sheƙi takan hana kyamara karanta tambari da tsakar rana, ƙurar hunturu takan dusashe shi, kuma a bisa ƙiyasin maɗaba'a faɗinsa bai kamata ya gaza kashi ɗaya cikin goma na nisan mai haskawa ba. Mai ƙaramar waya kuwa sai an rubuta masa lambar dannawa a gefe. Yawaitar damfara ta waya ta kuma sa mutane da dama ba sa haska tambarin da ba su ga sunan mai shi da adireshinsa a fili ba.

Bayan an zaɓi samfurin da ya fi, sauran neman izini. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta tanadi a tantance talla kafin a nuna wa jama'a, kuma manna fasta a bangon wani na bukatar yardar mai bangon.