Jirgin Ciyawa na Tafkin Cadi

Damagaram gari ne na duwatsu da rairayi. Babu kogi a cikinsa. Ruwan da yara suka sani shi ne na rijiya, da na famfo, da na tafkunan da ke cika da damina su ƙafe da rani. Sai wanda ya je Gidimuni, gabas da gari, ya ke ganin tafki mai ruwa rani da damina, da masunta suna kamun kifi. Don haka yara da yawa ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba.

Amma idan mutum ya kama babbar hanya ya yi gabas, ya wuce Gure da Maine Sorowa da Difa, zai kai Ngigmi bayan tafiyar kilometir kusan 600. Daga nan ne yankin Tafkin Cadi ya fara. Mutanen Damagaram sun daɗe da sanin wannan tafki. A zamanin da, sarakunan Damagaram suna aika gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa, fatake kuma suna kai da kawowa tsakanin garuruwan biyu. Kukawa kuwa ba ta da nisa da bakin ruwa.

Tafkin da mutanensa

Ƙasashe huɗu ne suka kewaye tafkin: Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Kamaru. A 1963 girmansa ya kai kimanin murabba'in kilometir 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka sa ya ja da baya ƙwarai, har ya bar Ngigmi a tudu. Tafki ne mai faɗi amma ba shi da zurfi. A wurare da yawa doguwar sanda tana taɓa ƙasa. Yana cike da tsibirai da ciyawar ruwa.

Mutanen da ke zaune a tsibiran suna kiran kansu Yedina. Barebari ne suka sa musu suna Buduma, wato mutanen ciyawa. Masunta ne, kuma makiyaya ne. Su ne masu shanun Kuri, masu kumburarren ƙaho, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo.

Wanda ke zaune a tsibiri dole ya nemi jirgi. To, amma tsibiran ba su da manyan itatuwan da za a sassaƙa kwalekwale da su. Abin da ke da yawa shi ne wata ciyawar ruwa da Turawa ke kira papirus. Tsawonta ya kan fi na mutum biyu. Jikinta kusurwa uku ne, cikinta kuma fari ne mai taushi, kamar totuwar karan dawa. Totuwar nan cike ta ke da iska, shi ya sa ciyawar ba ta nutsewa. Da ita Buduma suka yi jirginsu mai suna kadai.

Yadda a ke ɗaure kadai

Ba a sassaƙa kadai, ɗaure shi a ke yi. Kayan aikin kaɗan ne: wuƙa, da ciyawa, da igiyar kaba. Da farko a kan yanko ciyawa mai yawa. Sai a haɗa ɗan dami siriri a ɗaure bakinsa tamau. Wannan shi ne zai zama goshin jirgi. Daga nan a yi ta cusa sabuwar ciyawa a cikin damin ana ɗaurewa, yana ƙara tsawo da kauri. Sa'an nan a jera waɗansu dammuna dama da hagu, kowane a sarƙe igiyarsa da ta na kusa da shi. A ƙarshe a tanƙwara goshin sama, ya yi tsini kamar hauren giwa. Bayan jirgin kuwa a yanke shi sak da wuƙa.

Kowace siffa tana da dalili. Goshi mai tsini yana ratsa ciyawa. Ƙasan jirgin shimfiɗaɗɗe ne, don ya wuce inda ruwa bai kai gwiwa ba. Ba shi da rami kamar kwalekwale, saboda haka babu inda ruwa zai taru ya nutsar da shi. Da doguwar sanda a ke tura shi. Ƙaramin kadai na masunci ɗaya ne. Manya kuwa sun ɗauki mutane da dabbobi da kanwa. Kanwa ungurnu, wadda Hausawa suka sani a kasuwa, daga gabashin tafkin a ke haƙo ta, Buduma su ƙetaro da ita zuwa gaɓar Barno.

Aibin kadai ɗaya ne: ba ya daɗewa. A hankali ciyawar ta kan sha ruwa ta yi nauyi, sai a ɗaure sabo.

Kowane ruwa da jirginsa

Inda akwai manyan itatuwa, sassaƙa a ke yi. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Tsawonsa metir 8 da ɗoriya, faɗinsa rabin metir, an sassaƙa shi daga icce guda. Masana sun auna shekarunsa, sun samu kimanin 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka samu a Afirka.

A Ingila kuma mutane ne suka haƙa hanyoyin ruwa da hannu, shekaru fiye da 200 da suka wuce, don jigilar gawayin ƙasa. Ƙofofin hanyoyin da yawa matsattsu ne. Saboda haka jiragensu dogaye ne sirara: tsawo wajen metir 21, faɗi metir 2 kawai, doki yana jan su daga gaɓa. Ko'ina dai ruwa da kayan aiki ne ke faɗa wa maƙerin jirgi siffar da zai yi.

Jirgin Ra

Mutanen Masar na zamanin fir'auna su ma sun yi jiragen papirus. Zanensu yana nan a bangon kaburbura, amma sana'ar ta ɓace a can. Wani Bature ɗan ƙasar Norwe, mai suna Thor Heyerdahl, ya so ya gwada ko irin wannan jirgi zai iya ƙetare tekun Atlantika. Ya nemi waɗanda suka iya aikin, ya same su a Bol, a gaɓar tafkin ta wajen ƙasar Cadi. Ya ɗauki Buduma biyu, Umaru da Musa, da wani kafinta mai suna Abdullahi Jibrin, wanda ya yi musu tafinta.

A 1969 aka kawo ciyawa daga tafkin Tana na Habasha zuwa Masar. Aka ɗaure jirgin a kan rairayi kusa da dalar Giza. Tsawonsa metir 15, faɗinsa metir 5. Aka sa masa suna Ra.

Nan wata gardama ta taso. A zanen Masarawa, bayan jirgi yana da wutsiya mai lanƙwasa sama. Kadai ba shi da ita, maginan kuma ba su ga amfaninta ba. Daga baya suka yarda suka ƙara ta. A zanen akwai kuma igiya guda da ta taso daga bakin wutsiyar ta sauko kan bayan jirgin. Kowa ya zaci aikinta shi ne riƙe lanƙwasar wutsiya. Da aka ga wutsiyar ta tsaya da kanta, sai aka kwance igiyar.

Ranar 25 ga Mayu 1969 Ra ya tashi daga Safi, a ƙasar Maroko, da mutum 7. Abdullahi yana cikinsu. A teku suka gamu da raƙuman ruwa waɗanda babu irinsu a tafki. Raƙumi ɗaya ya ɗaga gaban jirgin, wani ya ɗaga bayansa, jirgin yana ta lanƙwashewa. Sannu a hankali bayan ya sunkuya cikin ruwa. Sai a lokacin suka gane amfanin igiyar. Wutsiya baka ce, igiya kuma tsirkiya. Ita ce ke ɗage bayan jirgin kada ya sunkuya.

Duk da haka ciyawar ba ta nutse ba. Ra ya yi mako 8 a teku, ya ci kimanin kilometir 5,000, kafin igiyoyinsa su tsintsinke matafiyan su bar shi. A 1970 aka ɗaure Ra na biyu. Mutanen Aimara na tafkin Titikaka, a Boliviya, suka yi shi, domin jiragensu tun asali suna da goshi da wutsiya. Ya kai tsibirin Barbados cikin kwana 57. Yana ajiye a wani gidan tarihi a birnin Oslo.

Buduma ba su yi kuskure a sana'arsu ba. Kadai ya dace da tafkinsa. Masarawa ma ba don ado suka zana igiyar ba. Kuskuren shi ne an kwaikwayi siffa ba a san dalilinta ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Yau jiragen katako masu inji sun maye gurbin kadai a wurare da yawa. Tun 2015 kuma rashin tsaro ya raba iyalai da dama da tsibiransu. Jirgin ciyawa ruɓewa ya ke yi, ba ya jiran mai haƙa rijiya kamar na Dufuna. Saninsa yana hannun masu ɗaure shi ne, da yaran da suka tsaya kusa da su suna tambaya.

Tambayoyi

1. Don me Buduma ba su sassaƙa kwalekwale ba?
2. Me ke hana papirus nutsewa?
3. Mene ne amfanin goshi mai tsini?
4. Don me jiragen hanyoyin ruwan Ingila su ke sirara?
5. Mene ne aikin igiyar da aka kwance daga Ra?

Aiki

Ku samo siraran karan gero da igiyar kaba. Ku ɗaure ƙaramin kadai mai tsawon taƙi biyu, ku sa shi cikin daro da ruwa. Ku riƙa ɗora masa tsakuwa ɗaya ɗaya, ku ƙidaya nawa zai ɗauka.