Gam Da Basilla: Masu Gyaran Takalmi A Gwammaja

Kafin a ga mai gyaran takalmi a lungunan Gwammaja, ƙarar akwatinsa ake fara ji. Ɗan akwatin katako ne rataye a kafaɗa, yana tafe yana ƙwanƙwasa shi da bayan buroshi, sai ka ga an aiko yaro daga cikin gida da silifa mai tsinkakken hanci, ko takalmin makaranta da ya wage baki. Shushaina zai sami inuwa ya tsuguna, ya buɗe akwatin: basilla, zare, gwangwanin gam, reza, 'yan ƙusoshi, folish baƙi da ja, da guntayen fata da roba waɗanda ya ciro daga takalman da suka riga suka mutu. Da yawansu 'yan ci-rani ne, daga ƙauyuka ko daga Nijar, damina na faɗuwa su koma gona. Akwai kuma na zaune, masu gurbi a gindin bishiya ko a ƙofar masallaci ko a bakin titin da ya nufi Ƙofar Ruwa, kuma su ake kai wa aikin da ya fi ƙarfin na yawo, irin su sauya ƙasan takalmi gaba ɗaya.

Kasuwar mutanen nan ta buɗe a 'yan shekarun nan, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100 kafin shekarar ta ƙare. Takalmin kanti, ko dai daga waje aka shigo da shi, ko da kayan waje aka haɗa shi, don haka ya bi dala. Magidancin da ke da 'ya'ya biyar a makaranta ba ya bukatar a yi masa lissafi: ɗinki na 'yan ɗaruruwa ne, sabon takalmi na dubbai.

Sai dai akwai abin da ke damun masu sana'ar fiye da rashin ciniki. Takalman da ake kawo musu yanzu, da yawa ba sa karɓar gyara.

Abin yana komawa ga yadda aka ƙera su tun farko. Takalmin fata irin na da, samansa da ƙasansa ɗinke suke. Idan ƙasan ya cinye, sai a farke zaren, a yanko sabo, a mayar da ɗinkin a ramukan da ke nan, saman kuwa yana iya cinye ƙasa biyu ko uku kafin ya gaji. Yawancin na yau manne su ake yi da gam a masana'anta, wasu ma zuba narkakkiyar roba ake yi a mazubi ta fito takalmi guda, ba sama ba ƙasa balle wurin da basilla za ta bi. Robobin ma kowace da halinta. Mai laushi kamar soso da ake silifa da ita, ba ta da nauyi kuma tana da daɗin takawa, amma idan aka ja zare a jikinta sai zaren ya yanka ta. Mai sheƙi wadda ake kira PVC tana ɗauke da wani sinadari mai maiƙo da ke sa ta lanƙwasu, shi kuma a hankali yake tsattsafowa ya raunana gam ɗin da aka saba amfani da shi, sai an nemo wani na musamman. Fatar bogi, wato yadi da aka shafe da roba, ba ta tsufa irin na fata, ɓarewa take yi, kuma babu folish ɗin da zai mayar da ita.

Mafi ban takaici shi ne abin da ke samun masu sayen takalmin gwanjo. Mutum ya tsinci sau-ciki mai kyau, ƙirar Turai, fatarsa lafiya lau, ya sa shi ranar Juma'a, kafin ya dawo daga masallaci ƙasan ya fara marmashewa yana zuba a hanya. Galibi irin wannan ƙasan da robar foliyuretan aka yi shi. Danshin iska yana shiga cikinta yana tsinka sarƙoƙin sinadaran da suka riƙe ta, zafi yana hanzarta abin, doguwar ajiya kuma tana ƙara ta'azzara shi. Takalmin da ya yi shekara da shekaru a kabad a wata ƙasa, ya kwana a sito, ya ratso teku a kwantena, yana iya isowa Kano ya riga ya ruɓe ta ciki alhali ido bai gani. Gam ba ya kama abin da ke marmashewa. Mafita ɗaya ce, a kankare ƙasan duka a sa wani, kuma idan saman fata ce ta gaske, kuɗin bai tafi a banza ba. Mai saye da ya san wannan yakan lanƙwasa takalmin sosai tun a gaban mai shago, ya danna farce a dunduniyar, ya ga ko za ta tsage ko ta yi danƙo.

Yanayin Kano ma ba ya raga wa takalmi. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kwalta ta fi haka, gam kuwa sakin jiki yake yi idan ya ji zafi. Takalmi yana shan ruwan alwala sau da yawa a yini, sannan a bar shi a ƙofar masallaci rana ta gasa shi. Fatar da ke jiƙa tana bushewa a rana tana rasa maiƙonta, hunturu ya zo ya ƙarasa ta da tsagewa. Shi ya sa folish ya wuce kwalliya, kariya ce. Shi ya sa kuma mutane da yawa, musamman iyayen 'yan makaranta, ke kai sabon takalmi fil wajen shushaina a zagaye shi da ɗinki tun kafin a taka shi. Dabara ce mai kyau matuƙar ƙasan zai riƙe zare.

Gyaran gam shi ma yana da ƙa'ida, kuma gaggawar mai takalmi ce ke yawan ɓata shi. Sai an wanke wurin ya bushe, an kankare tsohon gam, an goge fuskokin biyu da samfefa su yi kaushi, sannan a shafa sabo a kowane ɓangare, a bar shi ya sha iska na 'yan mintuna har ya daina bin yatsa. A lokacin ne ake haɗawa a bubbuga da guduma, kuma ƙarfinsa ba ya cika sai ya kwana. Wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan kwali yana cewa a yi sauri zai makara, ya karɓa ya zura nan take, jibi zai dawo yana zargin mai gyara. Sufa-gulu da ake ɗiga wa takalmi a gida ya fi wannan ɓarna. Idan ya bushe sandarewa yake yi, takalmi kuwa lanƙwasuwa yake da kowane taku, sai ya karye, ya bar ɓawon da gam ba ya kamawa, basilla ma da ƙyar take huda shi.

Abin da ke sa wannan labari ya yi nauyi shi ne garin da ake ba da shi. Daga Gwammaja, tafiya kaɗan ce cikin birni zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, inda har yau dukawa ke da rumfuna. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya sa takalma a sahun gaba na kayan da birnin ke yi da hannunsa yana fitarwa ƙasashe masu nisa, bayan tufafi, har ya ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 10 a shekara. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema ke jemewa da bagaruwa su rina da karan dafi, ita fatake suka riƙa ratsa Sahara da ita, Turawa suka saye ta a tashoshin arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko. Jimar bagaruwa tana ba da fata mai riƙe ɗinki, mai karɓar mai, wadda ake iya farkewa a sake ɗinkewa. Baduku ya san takalmin da ya yi zai dawo hannunsa, don haka yake yin sa yadda zai gyaru.

Jima ba ta bar Kano ba. Masana'antun Challawa da Sharaɗa suna sarrafa fatun awaki da tumaki, sai dai mafi kyawunsu ƙetare suke tafiya, Italiya da Sifen da Sin, a mayar da su takalma da jakunkunan da mai kiwon akuyar ba zai iya saye ba. Fatar shanu mai kauri, wadda kirginta ya dace da ƙasan takalmi, da yawa tukunya take shiga a matsayin ganda. Masu haɗa takalma a Ƙofar Wambai da kewayenta suna da hannu, suna kuma da masu saye har daga maƙwabtan ƙasashe, amma suna gogayya da kayan da ke zuwa kwantena-kwantena. Mai saye idan ya matsa a kan farashi, su ma dole su koma fatar bogi da gam. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa ba ta ko ɗinkuwa.

Duniya tana ƙera takalma sama da biliyan 20 a kowace shekara, fiye da rabi a ƙasar Sin. Wani bincike da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka a 2013 ya bi diddigin takalmin gudu guda ɗaya, ya tarar an haɗa shi da sassa 65 ta matakai sama da 360, kuma yin sa yana fitar da kimanin kilo 14 na iskar da ke ɗumama duniya, mafi yawa tun a masana'anta. Takalmin da aka cakuɗa roba da yadi da soso da gam a jikinsa yana da wuyar warwarewa a sake sarrafawa. 'Yan jari-bola a Kano suna sayen tsofaffin takalman roba zalla, domin ana niƙa su a narka, sauran kuwa bola ce makomarsu, ko kwata. Duk wanda ya taɓa fita yasar magudanar unguwa kafin damina ya san yawan warin silifa da shebur ke fitowa da shi. A Faransa, inda masu gyara suka yi ƙaranci, a 2023 gwamnati ta fito da tsarin rangwame: a kai takalmi a sauya masa dunduniya, a rage wa mai shi Yuro 7, daga asusun Yuro miliyan 154 da aka tanada har zuwa 2028. Abin da suke kashe kuɗi su farfaɗo da shi, a Gwammaja yana yawo a ƙofar gida.

Ba kowane takalmi ya kamata a gyara ba. Na wasa da soson cikinsa ya mutu ba ya ƙara kare gwiwa ko da an ɗinke shi. Yaro idan ƙafarsa ta fi takalmi, ɗinki ba ya ƙara masa tsawo, yatsu ne ke shan wahala. Dunduniyar da ta cinye gefe guda tana karkatar da taku, gara a cike ta da wuri. Mai ciwon suga kuwa sai ya yi hattara ta musamman, domin cutar tana iya kashe jin ƙafa, kan ƙusa ko ƙullin zare a cikin takalmi ya ji masa rauni bai sani ba, har ya zama gyambo. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan maƙwabtaka da unguwar, kuma mai irin wannan lalura, ko wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, shawarar likita ya kamata ya fara nema kafin ta shushaina.

Shi kansa mai gyaran ba a cika tuna lafiyarsa ba. Yini yake a sunkuye, hancinsa a kan gwangwanin gam, yatsansa ne mashafi. Sinadaran da ke tashi daga gam ɗin dangin waɗanda ke cikin sholisho ne, wanda Kano ta san irin ɓarnar da shaƙarsa ke yi wa matasa, kuma shaƙar yau da gobe, ko ba da niyya ba, tana kawo ciwon kai da jiri, tana iya taɓa jijiyoyi. Aiki a sarari, rufe gwangwani, da shafawa da tsinke ko guntun roba maimakon yatsa suna rage haɗarin. Sannan ga ciniki. Mutumin da bai yi jayayya da mai kanti ba, sai ya tsaya yana ja-in-ja a kan Naira 50 da wanda ya cece shi daga sayen sabo. Gam da zare da folish duk sun bi dala kamar takalmin, ladan hannu ne kawai aka hana shi tashi.

A Gwammaja Gidan Mambayya yake, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Jam'iyyarsa ta NEPU da aka kafa a 1950 ta sami ƙarfinta a birni daga teloli da 'yan tireda da sauran masu sana'ar hannu, don haka unguwar ba baƙuwa ba ce ga batun mutuncin mai ƙaramar sana'a. Abin da masu gyara ke bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukumar Dala ba: rumfa mai inuwa da ba za a tashe su ba, rancen sayen keken ɗinkin fata da injin goge ƙasan takalmi, da horo a kan sababbin robobi da irin gam ɗin da ke kama kowace. Cibiyar nazarin fata ta ƙasa, NILEST, tana Samaru a Zariya, ga kuma masu haɗa takalma na Wambai da za su iya ɗaukar yaran a matsayin 'yan koyo, wanda ya fara da ɗinke hancin silifa ya kai ga yanka nasa takalmin.