Sansanin Clark Bayan Tashin Sojan Amurka

Sansanin mayaƙan sama na Clark, a ƙasar Filifin, ya ishe mu misali. Cikin watan Yuni 1991 dutsen Pinatubo ya yi aman wuta, toka ta lulluɓe wurin. Nuwamba na yi sojan Amurka suka naɗe kayansu. A 1992 aka kafa hukumar mai da sansanonin hannun farar hula, ga shi yau akwai filin jirgin sama da masana'antu.

Sai dai abin lura, a ganina, yana ƙarƙashin ƙasa. Waɗanda bala'in dutsen ya kora, aka tsugunar da su a sansanin, sun sha ruwan rijiyoyin da mai da sinadarai suka gurɓata. Amurka kuwa ta tsaya a kan cewa yarjejeniyar 1947 ba ta ɗora mata nauyin tsabtace wurin ba.