Ƙara a ƙafafun gaba na mota: mu saurara tun da wuri

Mota ce ke kai hatsinmu kasuwa, ita ce kuma ke kai maras lafiya gidan likita cikin dare. Yawancin hanyoyinmu na karkara na jan ƙasa ne, masu ramu da gargada. Ga yashi, ga kaya fiye da kima. Shi ya sa ƙafafun gaba na mota ke saurin gajiya. Kafin ƙarfe ya karye, sai ya yi ƙara. Direban da ya san ma'anar ƙarar yana iya tsirar da rayukan mutane.

Abin da za a fara dubawa

A fara da notunan taya. Sau da yawa noti ne ya kwance, taya ke girgiza. A ɗaure su tamau. Idan ƙarar ba ta daina ba, sai a duba abubuwa huɗu.

1. Amortiser

Shi ne ke hana mota tsalle. Idan ya mutu, ana jin "gum-gum" duk lokacin da aka faɗa rami. Ka danna gaban motar da ƙarfi, ka saki. Idan ta tashi ta tsaya, lafiya lau. Idan ta ci gaba da lilo sau 2 ko 3, ya gaji. Mai da ke zuba a jikinsa shi ma alama ce. A canza na dama da na hagu tare, don kada motar ta karkata.

2. Rotil

Wannan gaɓa ce mai kai kamar ƙwallo, tana aiki irin na gaɓar kafaɗar mutum. Tana cikin wata ƴar roba mai riƙe maiko. Idan robar ta yage, yashi ya shiga ya ci ƙarfen. Daga nan sai a riƙa jin "ƙwas-ƙwas", sitiyari kuma ya yi sako-sako. Ka ɗaga ƙafar da jak. Ka kama taya sama da ƙasa, ka jijjiga. Sannan ka kama ta dama da hagu, ka sake jijjigawa. Idan tana motsi da ƙara, akwai gaɓar da ta cinye. Wannan ita ce matsala mafi haɗari: rotil na iya ficewa ana cikin gudu, ƙafa ta kwanta, mota ta kife da mutane.

3. Robobin hannun ƙafa

Robobi ne da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Zafi da tsufa na sa su bushe su tsage. Alamarsu ita ce "ƙiiƙ-ƙiiƙ" a kan gargada, ko bugu lokacin taka birki. Da ido ake ganin tsagewarsu.

4. Rulma

Shi ne taya ke juyawa a kansa. Idan ya lalace, yana yin gurnani mai ƙaruwa da gudun mota. Ka ɗaga ƙafar, ka juya taya da hannu, ka kasa kunne. Bayan tafiya kuma, tsakiyar ƙafar yakan yi zafi sosai.

Gargaɗi

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. A tsayar da ita a wuri mai tauri, a tare tayoyin baya da dutse, a tokare ta da kututture mai ƙarfi. Jak na nutsewa cikin yashi.

Gyara na gaskiya

Rotil da ya cinye ba ya gyaruwa, canza shi ake yi. Kada a yarda a yi masa walda, ko a cusa masa guntun robar taya. Hakan na kashe ƙarar ne kawai, haɗarin yana nan. Bayan an canza, makaniki ya daidaita ƙafafun gaba, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe guda.

Direba, ka rage gudu a gargada, ka rage lodi ranar kasuwa. Fasinja, idan ka ji ƙara, ka faɗa wa direba, kada ka ji nauyi. Kuɗin rotil bai kai kuɗin jinya ba, rai kuwa ba shi da madadi. Rigakafi ya fi magani.