Yadda Ake Buga Hoton Waya Ya Fito Babba

Sau da yawa mutum yakan ɗauki hoton Hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Haɗeja, ya gan shi garau a waya. Amma da an buga shi babba don a rataya a ɗaki, sai ya fito dishi-dishi. Me ya jawo haka?

Hoton waya ɗigo-ɗigo ne aka jera. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Saboda haka hoto mai ɗigo 4,000 a tsawonsa zai kai inci 13 lafiya lau. In aka zarce nan, kwamfuta ce take ƙago ɗigon da za ta cike giɓi. In kuma aka matsa mata ta fito da komai ɓaro-ɓaro, sai farin layi ya kewaye rawani, fuskar dattijo ta yi sumul kamar ta 'yar tsana. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Don haka, 'yan'uwa, mu kai wa mai bugawa hoton asali, ba wanda ya biyo ta WhatsApp ba, domin an riga an rage shi. Hoton bango kuwa daga nesa ake kallonsa. Gara ya ɗan dushe, muddin iyalin mai hoton za su gane nasu.