Tafiya Da Kiyaye Ƙafa Ga Mai Ciwon Sukari

Ciwon sukari yana da wata ɓarna da yake yi a ɓoye. In sukari ya daɗe da yawa cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke kai labarin zafi da ciwo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin ƙafa su ne mafi tsawo a jikin ɗan Adam, saboda haka su ne kan fara lalacewa. Da fari mutum yakan ji kamar ana tsira masa allura a yatsun ƙafa, ko tafin ƙafarsa ya riƙa raɗaɗi da dare. Daga baya sai ji ya ɗauke, har ya taka ƙaya ya wuni da ita bai sani ba. Likitoci sun ƙiyasta kusan rabin masu wannan ciwo sukan gamu da haka in shekaru suka yi nisa.

A da likitoci sukan hana mai irin wannan ƙafa yawan tafiya, don gudun gyambo. Yanzu an sake shawara. A shekarar 2006 aka bayyana wani bincike da aka yi a Italiya, inda aka sa waɗansu masu ciwon sukari tafiya da sauri, awa 4 kowane mako har shekara 4, aka tarar lalacewar jijiya ta fi ƙaranci gare su bisa ga waɗanda ba su yi ba. A 2008 kuma wani bincike a Amurka ya nuna ko wanda jinsa ya riga ya ragu, tafiya daidai wa daida ba ta ƙara masa gyambo, muddin da takalmi mai kyau. Dalili kuwa shi ne nama in yana aiki yakan ci sukarin da ke cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, watau rabin awa kowace rana har kwana 5. Wanda ya saba wuni a zaure yana sauraron ƙararraki, in ya fita kuma sai a mota, lalle wannan magana ta shafe shi.

Amma fa da sharaɗi. Tun da ƙafa ta daina faɗin abin da ya same ta, ido ne zai faɗa. Alwala ta sauƙaƙa wannan, gama sau biyar a yini mutum yana riƙe da ƙafarsa. Sai ya duba tafi da dunduniya da tsakanin yatsu, ya goge su su bushe. Wanda idonsa ya raunana ya sa ɗansa ya duba masa. A zazzage takalmi kafin a sa, kada a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Da hunturu a shafa man kaɗanya a dunduniya don faso, amma ban da tsakanin yatsu, kada kuma a miƙa ƙafa ga kaskon wuta. Kada wanzami ya sa aska ya yanke kanta. Wanda aka ga rauni a ƙafarsa, ko ta kumbura ta yi zafi, ya bar tafiya, a kai shi asibiti ran nan, ko da ya ce ba ya jin ciwo.

Akwai wani taimako wanda hakimi ne kaɗai ke iya yinsa. Bisa ga al'ada, talaka yakan tuɓe takalmi tun daga nesa in zai yi gaisuwa, ya taka rairayi mai zafi da tsakar rana. Mai lafiyar ƙafa zai ji zafi ya yi sauri, mai ciwon sukari kuwa sai ya tsaya har fatar ta sale. Ana roƙon hakimai su yi wa irin waɗannan uzuri su ƙaraso inuwa da takalminsu, malaman hakimai kuma su sanar da dagatai da masu unguwanni haka.